Ciwon da ke Sauya Hali Kafin Ya Taɓa Tunani

Yau filin namu na lafiya zai taɓo wani ciwo na ƙwaƙwalwa da ba a cika jin sunansa ba, amma idan na gama bayani, na tabbata wasu za su ce sun taɓa ganin irinsa a danginsu ko a kasuwarsu.

Bari mu soma da misali. Mu ɗauki wani ɗan kasuwa mai shekara 52, wanda ya yi shekara 30 yana fatauci tsakanin Maraɗi da Jibiya. Mutum ne da aka sani da riƙon amana, mai lissafi, ko canjin sefa da naira a ka yake yinsa. Sai a cikin shekara guda iyalinsa su ga ya sauya. Yana ba da bashin buhunan wake ga wanda bai sani ba. Yana gaya wa surukinsa magana marar daɗi a gaban jama'a, kuma ko a jikinsa. An yi rasuwa a maƙwabta, ya shiga wurin zaman makoki yana raha. Ya zauna cin tuwo da mutane, ya kai hannu gaban wani, ya cika baki har yana ƙwarewa. Amma ka tambaye shi nawa aka sayar da buhu a kasuwar da ta wuce, zai faɗa maka daidai. Hanya bai ɓace ba. Sunayen 'ya'yansa bai manta ba.

To, me mutane za su ce? Wasu su ce kuɗi ne suka ruɗe shi. Wasu su ce sammu aka yi masa, har a soma zargin kishiya ko abokin ciniki. Wasu su ce ya soma shan ƙwaya. Ba wanda zai kawo ciwo a ransa, domin mutumin ba tsoho ba ne, kuma ba ya mantuwa. Alhali kuwa abin da na zayyana shi ne kamannin wannan ciwo da muke magana a kai.

Likitoci suna kiransa firontotemforal. A takardar asibitin Najeriya za ka ga an taƙaita shi da haruffa uku, FTD, a ta Nijar ko Kamaru ko Cadi kuma, inda ake aiki da Faransanci, za ka ga DFT. Abu ɗaya ne. Ma'anar sunan ita ce lalacewar ɓangaren ƙwaƙwalwa na gaba, wanda ke bayan goshi, da na gefe, wanda ke daidai saitin kunnuwa. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin mahauta ya ga an fasa kan sa, ya san ƙwaƙwalwa ba curi ɗaya ba ce sumul, tana da lanƙwasa da sassa. Ta ɗan Adam ma haka take, kuma kowane sashe da aikinsa. Na bayan goshi shi ne linzami. Shi ke hana ka faɗin abin da ya zo bakinka, shi ke sa ka ji kunya, ka tausaya, ka tsara abin da za ka yi gobe, ka auna riba da asara. Na gefe kuwa, musamman na hagu, can ne ake ajiye ma'anar kalmomi da sanin abubuwa. A wannan ciwo ƙwayoyin waɗannan sassa ne ke mutuwa sannu a hankali, ƙwaƙwalwar tana motsewa a wurin.

Makiyaya ai kun riga mu sanin cewa ciwon ƙwaƙwalwa yana sauya ɗabi'a. Akwai tunkiyar da za ka ga ta ware daga garke, tana kewaya wuri ɗaya, tana jingina kai da bango ko itace. Idan aka yanka, sai a tarar da ƙullin ruwa a ƙwaƙwalwa, wanda tsutsar cikin kare ke haddasawa. Ba wanda ke cewa tunkiyar nan ta lalace da rashin tarbiyya. An san abu ne ya taɓa kanta. Na kawo wannan don kwatanci kawai. Ciwon da muke magana ba tsutsa ke kawo shi ba, ba a ɗaukarsa daga dabba, ba a ɗaukarsa daga mutum, ko da ƙwarya ɗaya kuke sha.

Yadda aka gane aikin goshin ƙwaƙwalwa ma labari ne. A shekarar 1848, a jihar Bamont ta Amurka, wani shugaban leburorin shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa mai suna Phineas Gage yana danna albarushi a ramin dutse da sandar ƙarfe, sai abin ya tashi. Sandar ta shiga ta kumatunsa na hagu ta fita ta saman kansa. Bai mutu ba, ya rayu har 1860, yana magana, yana tafiya. Amma likitan da ya duba shi ya rubuta cewa halinsa ya sauya, mutum mai natsuwa ya koma marar haƙuri mai zagi. Daga baya, a 1892, wani likita a birnin Firag mai suna Arnold Pick ya bayyana wani dattijo da magana ta rikice masa, da ya rasu aka tarar gefen ƙwaƙwalwarsa na hagu ya motse. Shi ya sa shekaru da yawa ana kiran ciwon da sunan Pick. Alois Alzheimer na Jamus, wanda aka sa wa sanannen ciwon mantuwa sunansa, shi ne a 1911 ya ga wasu ƙullaye a cikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwar masu wannan ciwo da madubin likita.

Tunda na ambaci Alzheimer, bari in bambance, domin nan ne ake ruɗewa. Ciwon Alzheimer, wanda mu kan haɗa shi da gigin tsufa, ya fi kama wanda ya haura 65, kuma da mantuwa yake farawa: an ci abinci ya ce ba a ba shi ba, ya fita ya kasa gane gida. Wannan kuwa ya fi farawa tsakanin shekara 45 da 65. Ku dubi waɗannan shekaru da kyau. Lokacin ne mutum yake riƙe da gida, yake da 'ya'ya a makaranta ko a bayan shanu, jari yana hannunsa, shawarar dangi tana wurinsa. Idan tsoho ɗan 85 ya ruɗe, 'ya'ya sun riga sun karɓi ragama. Idan ɗan 50 ya rasa linzami, garke da jari da mutuncin gida duk suna hannun wanda ba ya iya aunawa, kuma ba wanda ke da ƙarfin halin ce masa tsaya.

Ciwon yana zuwa da fuska fiye da ɗaya. Wadda ta fi yawa ita ce ta sauyin hali, irin ta ɗan kasuwarmu. A cikinta akwai rashin kunya, kamar yin fitsari a gaban mutane, taɓa matar da ba tasa ba, ko ɗaukar kaya a rumfar wani ya wuce ba biya, ba kuma ɓoyewa. Akwai mutuwar zuciya, mutum mai himma ya koma zama tun safe har dare, ba wanka, ba kasuwa, kuma ba baƙin ciki yake ji ba, abin ne kawai ya daina damunsa. Akwai rashin tausayi, ɗansa na kwance da zazzaɓi, shi tambayarsa ina shayinsa. Akwai maimaita abu ɗaya, kamar bin hanya ɗaya kullum a lokaci ɗaya, ko tara ledoji da gwangwani, ko tafi, ko nanata kalma. Akwai kuma sauyin ci, musamman kwaɗayin zaƙi. Mutumin da da ba ya son sukari sai ka ga yana zuba cokali biyar, yana shanye na yara. Abin da ya fi wahalar da iyali shi ne, mai ciwon bai san ya sauya ba. Ka yi masa nasiha, ya dube ka kamar kai ne ka zautu.

'Yan'uwanmu Fulani za su fi kowa jin nauyin wannan. Pulaaku ai a kan kunya da haƙuri da hankali aka gina shi. Mutumin da duk rayuwarsa bai taɓa cin abinci a gaban surukai ba, bai taɓa kiran sunan ɗan farinsa ba, yau ga shi yana abin da ko yaro ba zai yi ba. Iyali sukan ɓoye shi, su daina kai shi taro, wani lokaci su yi ƙaura don kunya. Ni a ganina ɓoyewar ta fi ciwon cutar da gida, domin idan maƙwabta ba su san ciwo ba ne, fassarar da za su yi ta fi muni.

Fuska ta biyu ta harshe ce, ita ma kashi biyu. Wani zai san abin da yake son faɗa, amma fitar da shi ya zama aiki, yana jan magana, yana karya jimla, kamar mai koyon harshe. Wani kuwa maganarsa na zuba ba tangarɗa, amma ma'ana ta soma zubewa. Makiyayin da ya san kowace saniya da sunanta da uwarta, sai ya soma kiran karsana da bijimi da maraƙi duk "dabba", daga baya "abin nan". Ka ce masa miƙo igiya, ya ce, mene ne igiya? Ba kurumta ba ce, kalmar ce ta ɓace masa. Wasu kuma ciwon yakan haɗu da raunin jiki, tsoka ta rinƙa shanyewa, haɗiya ta yi wuya, ko jiki ya sandare mutum ya rinƙa faɗuwa. Idan ya haɗu da shanyewar tsoka, yakan yi sauri.

Masu kallon fina-finan Amurka sun san Bruce Willis. A watan Maris na 2022 iyalinsa suka sanar cewa ya bar wasan fim saboda matsalar magana, a Fabrairun 2023 kuma suka ce likitoci sun tabbatar wannan ciwo ne, yana da shekara 67. Tun daga nan matarsa, Emma, ta shiga faɗakar da jama'a a kan halin da masu jinya ke ciki. Ga mutum mai kuɗi, ga manyan likitoci a kusa da shi, amma sai da aka ɗauki lokaci kafin a sa wa ciwon suna. Ina ga wanda ke daji, tafiyar yini zuwa asibiti?

To mene ne sanadi? Abin da masu bincike suka gano shi ne wasu sinadaran furotin da jiki ke yi da kansa suna taruwa ba bisa ƙa'ida ba a cikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa har su kashe su. Manyan biyu su ne wanda ake kira tau da wanda ake kira TDP-43, wanda aka gano hannunsa a 2006. A yawancin masu ciwon ba a samun wani a dangi da ya yi shi. Amma kusan kashi ɗaya cikin uku akwai tarihin irinsa a zuriya, kuma a wasu gidajen gado ne kai tsaye. An gano manyan ƙwayoyin gado uku: ɗaya a 1998, ɗaya a 2006, na ukun mai suna C9orf72 a 2011, wanda shi ne ke haɗa wannan ciwo da na shanyewar tsoka. A irin waɗannan gidaje, idan uwa ko uba na ɗauke da ƙwayar, kowane ɗa yana da rabi da rabi na gadonta. Makiyayi ya san gado, ya san launi da ƙaho da yawan nono suna bin jini. Amma ina roƙo kada a mai da wannan abin gori ko na hana aure. Mutum ɗaya ya yi ciwon a gida ba ya nufin gidan na da shi. Abin da za a yi shi ne, idan an ga mutum biyu ko uku a zuriya ɗaya sun sauya hali ko sun rasa magana tun kafin tsufa, a gaya wa likita, domin labarin zai taimake shi.

Maganar gaskiya, har yanzu babu maganin da ke warkar da shi ko tsayar da shi. Duk wanda ya ce maka kawo bijimi ko jaka ɗari zai warkar, dukiyarka yake so. Daga fara alamu, yawanci mutum yakan rayu shekara 6 zuwa 8, wasu ƙasa da haka, wasu su haura 10. Ana nan ana bincike. A Turai da Kanada akwai wani shiri mai suna GENFI, a Amurka akwai ALLFTD, suna bin iyalai masu gadon ciwon shekara da shekaru, suna ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa da gwajin jini tun kafin alamu su fito, don a gwada magani da wuri. A Amurka kuma akwai ƙungiyar AFTD da aka kafa a 2002 don tallafa wa iyalai da masu bincike. Sai dai mafi yawan waɗanda aka yi nazari a kansu Turawa ne. A yankinmu, babban aikin da aka sani a kan ciwon ruɗewa shi ne wanda aka soma a 1992 tsakanin Ibadan da Indiyanafolis, aka kwatanta tsofaffin Yarabawa da baƙaƙen fatar Amurka, kuma shi ma ya fi karkata ga Alzheimer. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ke fama da ciwon ruɗewa iri-iri, kuma fiye da kashi 60 cikin ɗari suna ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaici. Wato masu ciwon suna wajenmu, binciken yana wajensu.

Wani zai ce, tunda ba magani, me ya kai ni asibiti? Dalili babba ne. Akwai cututtukan da ke kama da wannan kuma suna jin magani: ƙari a ƙwaƙwalwa, jinin da ya taru a ka bayan faɗuwa daga babur ko tunkuyin sa, ƙananan shanyewar jiki daga hawan jini, ciwon maƙoƙo na ciki, ƙarancin sinadarin B12, ciwon sanyi na tunjere da ya daɗe, ƙanjamau, tsananin damuwa, da kuma shan tiramadol, wanda kun san yadda ya yi yawa a kan hanyoyinmu. Likita zai yi gwajin jini, ya yi tambayoyi, in da hali ya ɗauki hoton kai. Ana samun likitocin ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, da asibitocin tarayya na Kware a Sakkwato, Barnawa a Kaduna da Maiduguri, a Nijar kuma manyan asibitocin Yamai da Damagaram da Maraɗi. Ku fara da asibitin da ke kusa, su tura ku. Kuma kada mai ciwon ya shiga shi kaɗai. A gaban likita, na minti goma, yana iya amsa komai daidai. Matarsa ko ɗansa ko yaron shagonsa ne zai faɗi abin da ke faruwa, da lokacin da ya fara, da abin da ya fara sauyawa.

Kada a sayi maganin mantuwa a bakin kasuwa. Wanda ake bai wa masu Alzheimer, irin donefezil, ba ya taimakon wannan ciwo, yana ma iya ƙara hargitsa mutum. Magungunan kwantar da masu taɓin hankali kuma sukan sandarar da jikin irin waɗannan marasa lafiya. Akwai wasu magungunan damuwa da likita kan bayar don rage yawan ci da maimaita abu da fushi, amma shi zai zaɓa, shi zai auna.

Yanzu ga abin da ya fi shafarku, wato dukiya da tafiya. Da zarar an ga alamu, dangi su zauna tun kafin a yi asara. A samu amintacce ya tsaya a kan ciniki. A gaya wa dillalan kara, a asirce kuma cikin mutunci, cewa kada a karɓi dabba daga hannunsa sai da ɗansa ko ƙaninsa. Katin banki da kuɗin waya a rage abin da ke ciki, a bar masa na goro don kada ya ji an wulaƙanta shi. Basussukan da yake bi da waɗanda ake binsa a rubuta su yanzu, tun yana iya tunawa, a gaban shaidu. A shari'ar Musulunci akwai babin tsare dukiyar wanda hankalinsa ya raunana a naɗa masa waliyyi, saboda haka ba cin amana ba ne, a je wa alƙali ko limami da takardar likita. Haka idan ya furta saki ko ya bar salla, kada a yanke hukunci a tsakar gida, a kai wa malami tare da bayanin ciwon.

Babur da mota a raba shi da su, ko da hannunsa bai manta tuƙi ba, domin abin da ya lalace shi ne sanin lokacin tsayawa. Kada ya tsallaka iyaka shi kaɗai. Mutumin da ba ya aunawa, wani zai iya ba shi ƙunshi ya ce kai mini Konni ko Illela, ya karɓa bai tambaya ba, ko ya zagi jandarma ko kwastan a shinge. A sa masa takarda a aljihu, da Hausa da Faransanci da Ingilishi, mai sunansa da lambar ɗan'uwa da bayanin cewa yana da ciwon ƙwaƙwalwa. Masu tafiya kiwo mai nisa kuma, idan lokacin tashi ya yi, ya fi a bar shi a mazauni ɗaya tare da mai kula, domin sauyin wuri yana ƙara hargitsa shi. Wuƙa, adda, bindiga da maganin feshi na dabbobi a kawar da su.

A cikin gida, gardama ba ta da amfani. Ba za ka ci shi da hujja ba, tunda wurin karɓar hujjar ne ya taɓu. Idan ya nace a kan abu, a karkatar da hankalinsa zuwa wani. Duka da ɗauri da mari da sa shi a turu ba sa dawo da ƙwayar da ta mutu, sai ƙarin rauni da tsoro. A tsara masa yini iri ɗaya, a ba shi aikin da hannunsa ya saba, kamar tufkar igiya ko ba 'yan maruƙa dusa, ana kallonsa. Abinci a zuba masa nasa daban, kaɗan-kaɗan, a ɓoye sukari. Idan haɗiya ta soma wuya, a zaunar da shi tsaye, a ba shi mai kauri irin kunu ko fura da aka dama sosai, a hankali, domin abincin da ke sauka a huhu yana kawo ciwon da ke kashe da yawa daga cikinsu. Mai matsalar magana kuwa a yi masa gajeruwar jimla, a nuna abu da hannu, a ba shi lokaci.

Sai mai jinya, wadda galibi mace ce. Ita ke shan zagin, ita ke jin kunyar, ita kuma ake zargi da sammu. Mijin da ta sani shekara 25 yana zaune a gabanta, amma ya daina tambayar lafiyarta. 'Yan'uwan miji, ku karɓe ta kwana ɗaya ko biyu a mako ta huta, ku ɗauki nauyin cefane, ku daina binciken wa ya yi masa. Idan matar ce ke da ciwon, kada a mayar da ita gidan iyayenta da sunan ta lalace, kuma kada a kira ta mayya don tana surutai. Yara a gaya musu a fili cewa baba ba ya ƙin su, kansa ne ke ciwo, kuma kada a bar ƙananan yara su kaɗai da shi.

Kowace shekara ranar 21 ga Satumba ita ce ranar ciwon Alzheimer ta duniya, a ƙarshen watan kuma akan ware mako guda don faɗakarwa a kan wannan na firontotemforal. Sarakunan kasuwa, arɗo-arɗo da shugabannin 'yan kamasho, idan lokacin ya zo, ku nemi ma'aikacin lafiya na kusa ya zo ranar kasuwa ya yi wa jama'a bayani, ko na rabin awa ne bayan azahar. Masu tambaya kuma su aiko ta hannun wakilanmu na kasuwanni, ba sai an faɗi sunan marar lafiya ba, za mu kai wa likita mu karanto amsa a shiri na gaba. A huta lafiya.